Madubin Saitin Bindiga: Vortex Crossfire II ko Leupold VX-Freedom?

Dukansu 3-9x40 ne (suna ƙara girman hoto daga sau 3 zuwa 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40), masu bututun inci ɗaya, kuma kowane ƙas na maɓallin saiti yana gusar da harbi kusan kwatan inci a nisan yadi 100. Da rana tsaka da wuya ka bambance su. Sai magariba ta kawo jiki Leupold ke nuna kuɗinsa: hoto tas har gefen gilashi, alhali na Vortex ya soma dishi-dishi, balle in an murɗa shi zuwa 9. Ga shi Leupold ba nauyi, wajen giram 350.

Vortex kuwa kusan rabin kuɗi ne, kuma ya ishi mai harbin barewa kusa-kusa da hantsi. Yawancin kukan "saiti ya gudu" laifin zobban da ke ɗaure madubin a jikin bindiga ne. Wajen ɗaure sukurorin zobban, kada a wuce inci-fam 18 (ma'aunin ƙarfin murɗa sukuri), don bututu zai matse.