Dutsen Japan ko mawashin Kasuwar Dole?

Ƙanena ne ya nuna mini a wayarsa: dutsen washi guda, bai fi tafin hannu ba, ana gwanjonsa a shafin cinikin intanet na eBay, kuɗin ya haura dalar Amurka dubu. Na ɗauka zolaya yake.

Ashe daga tsaunukan kusa da Kiyoto na Japan ake haƙo irinsa, kamar na Nakayama, kuma yawancin ramukan an rufe su tuntuni. Ragowar ake rububi. Laushi gare shi ƙwarai. In ka zuba ruwa ka goga, wani taɓo yake fitowa, shi ke sa bakin aska ya yi kaifi sosai. Wanzami zai so shi, ban musa ba. Sai dai a hoto kake saye, hatimin da ke jikinsa ma ana buga na jabu.

Na Kasuwar Dole kuwa, ka shafa da hannunka, ka taya. Kaushi gare shi, yana cin ƙarfe, tsakiyarsa takan lotsa. Amma mahaucin unguwarmu a Birni da irinsa yake wasa wuƙa tun ina yaro, ran layya kuma ba ya samun zama saboda yawan fiɗa. Ni wannan zan saya.