Ruwa ko iska: yadda za ka karanta gwajin na'urorin sanyaya kwamfuta kafin ka saya

Duk mai haɗa kwamfutar tebur a Damagaram don tace bidiyo ko wasanni ya san watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Nan ne mutum ke fara sha'awar na'urar sanyaya ta ruwa, musamman in ya ga an nuna furosesa tana aiki a digiri 70. Sai dai wannan lamba ba ta ɗakinka ba ce.

Ruwan ba ƙanƙara ba ne. Famfo ne ke tura shi ta tiyo, ya kwashi zafin furosesa ya kai radiyeta, fanka ta hura masa iskar ɗaki. Ba zai taɓa fin iskar ɗakin sanyi ba. Shi ya sa mai gwaji na gaskiya yakan faɗi zafin ɗakinsa, ya cire shi daga zafin furosesa. In ɗakinsa 22 ne, furosesa 72, tazarar 50 ke nan. Ɗora 50 a kan 40 na ɗakinka a Birni ko Zango, ka samu 90. Furosesar Ryzen 7000 ta kamfanin AMD tana rage gudu in ta kai 95. Ka ga saura ƙiris.

Sai ƙara. Kowace na'ura za ta yi abin a zo a gani in an sake fankokinta suka yi ta ruri. Adalci shi ne a daidaita ƙararsu duka, kamar yadda Gamers Nexus, tashar YouTube mai gwajin kayan kwamfuta, ke yi, sannan a auna. Furosesa ɗaya, wat ɗaya, man da ake shafa mata iri ɗaya. A kuma bar aikin ya daɗe, domin ruwa a hankali yake ɗumama; gwajin minti biyu yaudara ce da ke fifita na ruwa. Mai gwajin da kamfani ya ba shi kayan kyauta, ya kamata ya faɗa.

To, me za a saya? Ta ruwa wadda ke zuwa a rufe, irin Arctic Liquid Freezer III, in radiyetarta ta kai milimita 280 ko 360, ta dace da furosesa mai cin wat 200 zuwa sama. Mai milimita 120 kam asarar kuɗi ce. Amma famfo na mutuwa, ruwan na raguwa da shekaru, kuma garantin shekara 6 ba zai yi maka rana ba in babu inda za ka mayar da ita kusa. Wadda ake haɗawa da hannu ta fi tsada da ɗawainiya, kuma haɗa tagulla da alminiyam a layin ruwa ɗaya na cinye ƙarfen.

Ni dai ga mafi yawanmu na fi son babbar ta iska, irin Thermalright Peerless Assassin 120 ko Noctua NH-D15. Fanka kaɗai ce za ta lalace, ita kuwa ana samunta. In ƙurar hunturu ta toshe ta, ka cire fankar ka kakkaɓe da burushi. Ka dai auna faɗin akwatin kwamfutarka tukuna, ka tabbatar maƙalinta ya dace da mazaunin furosesarka, kamar AM5 na AMD ko LGA1700 na Intel.