Zotero ko Mendeley: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Rubuta Kundin Digiri na Uku a Sakkwato?

Malam, ka ce ka samu gurbin karatun digiri na uku a fannin tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kana shirin shiga babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, sai ka tarar abokan karatunka sun rabu gida biyu a kan manhajar tattara manazarta: wasu na cewa Zotero, wasu na cewa Mendeley. Allah ya sanya albarka a karatun. Na yi aiki da dukkansu, kuma a ganina amsar tana rataye ne da irin madogaran da za ka riƙa kafa hujja da su.

Asalin kowacce yana nuna halinta. Zotero ta fito ne a 2006 daga wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka, kuma har yau ƙungiyar da ba ta neman riba ce ke kula da ita. Mendeley kuwa wani kamfani ne a Landan ya fito da ita a 2008, sannan Elsevier, babban kamfanin buga mujallun kimiyya, ya saye ta a 2013. Saboda haka ɗaya ta tashi a hannun masu tonon tsofaffin takardu, ɗayar kuma ta girma cikin masu karanta maƙalun mujallu.

A aikin yau da kullum sun yi kunnen doki. Kowacce kyauta ake sauke ta, tana ɗauko bayanin maƙala daga intanet, tana sanya madogara cikin Word, kuma tana jera manazarta bisa tsarin APA ko Chicago ko duk wanda sashenku ya zaɓa. Wajen rumbun ajiya na kyauta kuwa Mendeley ce a gaba, domin tana ba da gigabayit 2, alhali Zotero megabayit 300 kawai take bayarwa, kodayake wannan iyaka ta shafi fayilolin da ka ɗora a intanet ne, ba waɗanda ke zaune cikin kwamfutarka ba.

Inda hanya ta rabu sosai shi ne nau'o'in madogara. Mai nazarin tarihin Daular Sakkwato ba maƙalun mujallu kaɗai zai karanta ba. Zai zauna a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu yana buɗe rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, zai je Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna neman rahotannin Turawan mulki, sannan zai tafi Wurno ko Gwandu ya yi hira da dattawa. Zotero tana da gurbi na musamman ga rubutun hannu, da wasiƙa, da hira, har da wurin rubuta sunan ma'ajiyar da lambar da aka ba takardar a can. Nau'o'in da Mendeley ta tanada kusan ashirin ne, kuma babu rubutun hannu ko hira a cikinsu, don haka sai dai ka tura su cikin gurbin gama-gari, daga baya ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa da hannu. Ga kuma matsalar sunayenmu, waɗanda ba a gina su bisa tsarin sunan iyali na Turawa ba. Idan ka shigar da Abdullahi ɗan Fodiyo yadda ake shigar da sunan Bature, manhaja za ta mai da Fodiyo sunan iyali, a tsarin APA ma har ta taƙaita Abdullahi zuwa harafi ɗaya, abin da duk malamin tarihi a Sakkwato zai ja wa jan layi. A Zotero akwai ɗan maɓalli kusa da gurbin suna wanda ke haɗe shi ya zama guda, sunan ya fito cikakke kamar yadda ka rubuta.

Sai batun sabis da wuta, wanda ba sai na yi maka dogon bayani ba. Zotero tana aiki a kwamfuta ko da ba ka buɗe asusu ba, kuma tana sanya madogara cikin rubutu ba tare da intanet ba. Tsohuwar Mendeley ta kwamfuta ma takan yi aiki ba tare da intanet ba bayan an shiga asusu, amma tun Satumban 2022 aka daina ba da ita, sabuwar kuma ta fi dogaro da shiga asusu da samun sabis mai ƙarfi. Wanda ke rubutu da tsakar dare bayan data ta ƙare zai gane bambancin.

Wani abu guda ne babu wadda za ta yi maka a cikinsu. Lokacin da na gabatar da babina na biyu, na tara maƙalu masu yawa, manazartata kuma sun jeru tsaf, amma wani farfesa ya ɗaga takardar ya ce bai ga bita ba, jerin "wane ya ce, wane ya ce" kawai ya gani. Daga ranar na ɗauki al'adar rubuta jimloli uku a ƙarƙashin duk abin da na karanta: mene ne da'awar marubucin, da wace hujja ya kafa ta, kuma a ina ya saɓa wa waɗanda suka riga shi. Duka manhajojin suna da wurin irin wannan rubutu, sai dai Zotero, tun daga fitowarta ta shida a 2022, tana kwaso wuraren da ka yi wa alama a cikin fayil ta tara su wuri ɗaya tare da lambar shafi, abin da ke kare mutum daga ɗaukar maganar wani ba da sani ba.

Da ɗan sashen kimiyyar sinadarai ko likitanci ne ya yi tambayar, wanda kusan duk madogaransa maƙalun mujallu ne, da na ce masa Mendeley ta wadatar. Kai kuwa, Malam, Zotero nake ba ka shawara. Idan ka riga ka fara tarawa a Mendeley, Zotero tana iya kwaso su kai tsaye. Kafin ka shigar da komai, ka karɓi littafin ƙa'idojin rubuta kundi na makarantar karatun gaba da digiri, ka kuma tambayi mai duba aikinka yadda yake so a rubuta shekarar Hijira da ta Miladiyya a madogaran rubutun hannu.