Aikin takardar jikin kwalba a wani shagon zane na Kano: zane ya gamsar, bugu da saura

Shagon ƙarami ne, masu zane biyu da injin buga sitika ɗaya, kuma aikin da muka kai musu shi ne tsara takardar jikin kwalba ga sabon abin sha da ƙanwata ta fara sarrafawa: ruwan inabi haɗe da zoɓo, marar barasa, a doguwar kwalba mai cin santilita 75, irin wadda Turawa ke zuba giyar inabi a ciki. Masu biki suna son wannan kwalba domin tana ƙawata tebur, amma a kasuwa irin ta Kano, da zarar mai saye ya yi zargin giya ce, ko taɓa ta ba zai yi ba. Saboda haka nauyin da ke kan takardar shi ne ta riƙe ƙasaitar kwalbar, ta kuma kawar da zargin tun daga nesa.

A nan ne mai zanen ya nuna ya san aikinsa. Mun je masa da hotunan kwalaben Faransa, masu zanen gidan gona da shekarar girbi da rubutu mai lanƙwasa, sai ya ce waɗannan alamomi su ne ainihin abin da ke sanar da mutum cewa giya ce, kuma kwaikwayonsu zai jawo mana abin da muke gudu. Darasi ɗaya kawai ya yarda a ɗauka daga can, wato girmama zane, kamar yadda gidan Mouton Rothschild, mai yin giyar inabi a Faransa, ya saba tun 1945 yana bai wa fitattun masu zane takardar kwalbarsa, har aka sa zanen Picasso a ta shekarar 1973. Abin da ya fitar mana shi ne furen zoɓo guda ɗaya a kan farin fili, siririn dagi a gefe, da kalmomin “Babu barasa” cikin Hausa da Turanci a ƙarƙashin suna, da girman da za a karanta daga bayan kanta.

Takardar baya ma ya tsara ta bisa ƙa'idar NAFDAC ba tare da mun tuna masa ba: kayan haɗi a jere daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, yawan abin da ke ciki, suna da adireshin mai sarrafawa, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewar wa'adi. Gurbin lambar rajista ya bar shi fili har sai hukumar ta bayar, abin da ba kowane mai zane ke da haƙurinsa ba. Shi ne kuma ya shawarce mu da yi wa tambarin rajistar alamar kasuwanci a rukuni na 32, na abin sha marar barasa, domin na 33 na giya ne.

Ɓangaren bugu ne ya rage wa aikin armashi. Jan da muka amince da shi a fuskar kwamfuta ya fito a takarda kamar ruwan goro, domin an yi zanen da launukan allo ba a juya shi zuwa na tawada ba, kuma ba a ba mu samfur ba sai da muka nema. Harafin ɓ na “zoɓo” ya fito da wani salo daban da sauran, saboda rubutun da aka zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Mafi ciwo shi ne sitikar farko ta takarda ce, wadda ta jiƙe ta saɓule bayan ɗan zama cikin kula mai ƙanƙara, alhali da sanyi ake shan abin. Sun sake bugawa a kan leda mai jure ruwa, amma da ƙarin kuɗi daga aljihunmu, kuma ranar alkawari ta wuce.

Ga mai neman zane, ina ba da shawarar wannan shago ba tare da shakka ba. Sai dai ya sa a cikin yarjejeniya tun farko cewa za a ba shi samfur a manne jikin kwalba ya gwada a ƙanƙara, a kuma miƙa masa asalin fayil ɗin zanen na manhajar CorelDRAW, domin ya iya kai bugun wata maɗaba'a idan ya ga dama.