Gida ba katanga a Levittown

Abin da ya fi ɗaure wa Bahaushe kai a Levittown, can Long Island ta jihar New York, shi ne gida a fili fetal. Ba katanga, ba soro. Daga bakin titi ciyawa ce shimfiɗe har ƙofar falo, mai wucewa da karensa yana hango labulenka. Iyali ba su da tsakar gidan da za su sake, sai ɗan fili a baya, shi ma tagar benen maƙwabci tana kallonsa.

Ba haka kawai abin ya faɗo ba. Kafin 1947 wurin gonakin dankalin Turawa ne. Kamfanin Levitt and Sons ya saye, zuwa 1951 ya gina gidaje sama da 17,000, akasari domin sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 ana sayar da gida kan dala 7,990. Cikin sharuɗɗan farko an hana shinge, an hana shanya a waje ƙarshen mako, ciyawa kuwa dole a yanke ta duk mako lokacin zafi, in ka ƙi kamfani ya yanke ya aiko maka kuɗin aiki. Akwai kuma sharaɗi mai ɗaci: farar fata kaɗai ake bai wa gida. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a harkar gidaje.

Yau kana iya kafa shinge, amma da izinin hukumar gari. A yawancin garuruwan nan ƙafa 6 ne iyaka a baya, ƙafa 4 a gaba, kuma sai ka nuna taswirar safiyo. Ka ci taku ɗaya cikin filin maƙwabci, ka cire da kuɗinka. Wanda ya ƙara ɗaki a sama ba takardar izini, ranar sayarwa zai ji jiki, don ciniki kan tsaya cak har ya samo shaidar. Da zafi, wallahi. Amma shi ya sa ba a ganin gida a kan magudanar ruwa. Mu a gida sai mutum ya ci rabin layi da shago, ya toshe kwata, damina ta zo kuma a ce tsautsayi.

Ginin na katako ne a kan daɓen kankare, ba ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Tun farko an binne bututun jan ƙarfe cikin daɓen, ruwan zafi na zagayawa yana ɗumama ƙasa. Da shekaru suka ja, bututun kan huje. Alamarsa ita ce tukunyar ɗumama gida ta riƙa rasa ruwa, wani gefen daɓe ya yi danshi. Fasa kankare ba riba, don haka mutane da yawa sun toshe tsohon layi sun ja sabon bututu ta gindin bango. Mai saye ya fara tambayar wannan kafin ya kalli fenti.

Makarantu, ɗakin karatu, wuraren ninƙaya tara da kamfanin ya gina, motar shara da ba ta saɓa rana, duk akwai, kuma harajin gida ke riƙe su, kaso mafi tsoka na makarantu ne. Tashar jirgin ƙasa kuwa babu, sai ka je Hicksville ko Wantagh. Da magariba layi tsit, ba mai sallama a ƙofa in ba da alkawari ba.