Atisayen tuƙi: unguwa mai tudu ko titin cikin gari?

Wata ƙanwarmu ta yi tambaya: saura mata 'yan makonni ta je gwajin tuƙi wurin 'yan VIO, jami'an duba motoci, a Abuja. Tana zaune a Asokoro, layukansu shiru amma duk hawa da gangara ne, motar kuma mai giyar hannu ce. Shin ta tsaya ta goge a unguwarsu, ko ta riƙa fita irin su Wuse da Garki inda titi ya fi shimfiɗewa amma ga cunkoso?

Ƙanwata, kowanne da abin da zai ba ki, sai dai ni na fi son ki ba unguwarku kaso mafi tsoka. Dalilina kulochi ne. A shimfiɗaɗɗen titi mota tana rufa wa ɗan koyo asiri, ko ya saki kulochi yadda ya ga dama za ta ɗan yi tsalle ta wuce. A kan tudu kuwa babu wannan rangwame, kuma abin da mai gwaji yake son gani ke nan: ke kike juya motar ko ita take juya ki.

Ki samu layi mai hawa wanda babu kowa, ki tsaya a tsakiyarsa. Ja birkin hannu, taka kulochi, sa giya ta ɗaya. Ki ɗan taɓa totur, sannan ki riƙa ɗago ƙafar hagu sannu a hankali har ki ji ƙarar injin ta yi ƙasa, motar ta ɗan yunƙura kamar dokin da aka riƙe wa linzami. Nan ne gejin. Tsayar da ƙafar a wurin, sauke birkin hannu, ƙara totur kaɗan. In ta sulale baya, kin saki birkin da wuri. In ta mutu, kin yi gaggawar ɗaga kulochi ko totur ya yi kaɗan. Ki yi ta maimaitawa har ƙafarki ta san wurin ba sai kin yi tunani ba. Amma don Allah kada ki saba riƙe mota a kan hawa da rabin kulochi kina jiran hanya. In kika ji ƙauri yana tashi, kulochin ne yake cinyewa.

Gangara ma darasi ce. Za ki ji direbobi suna cewa a saki mota a furi don a rage shan mai. Kada ki ɗauka. Bar ta a giya ta biyu injin ya taya ki riƙe ta, birki ya samu sauƙi. Wajen fakin kuma, in motar na kallon gangara, ki karya sitiyari zuwa gefen titi ki bar ta a ribas; in tana kallon hawa ki bar ta a giya ta ɗaya, birkin hannu a ja a duka biyun.

Inda unguwar take da illa shi ne shirun nata. Mutum yakan saba shan kwana bai kunna sigina ba, bai leƙa madubi ba, tunda ya san babu kowa a baya. Wannan sabon yana bin mutum har ranar gwaji. Ki tilasta wa kanki madubi, sigina, sannan juyawa, ko da layin wayam yake. Ki kuma tuna ba kya ganin abin da ke bayan ƙololuwar tudu, ga get da ake buɗewa mota ta fito da baya, ga yara. Dokar hanya ta ba da kilomita 50 a awa a cikin gari, amma a irin layukanku ko kusa da haka kada ki je.

Wuse da Garki su ne za su koya miki zama da mutane: shataletale, danja, ɗan tasi da zai ci birki a gabanki don ya hango fasinja, da mai danna miki hon tun kafin wuta ta gama ba ku hannu. Wannan ba a samunsa a layukanku masu shiru, kuma dole ki ɗanɗana shi kafin ranar. Sai dai wanda ƙafarsa ba ta zauna ba, in ya shiga can tsoro kawai zai kwaso. Ki fara da safiyar Lahadi lokacin da titi yake da sauƙi, da takardar izinin koyo a hannu, alamar L a jikin mota, da mai lasisi a gefenki.

Da a ce motar otomatik ce da na ce ki raba lokacin biyu daidai, don tashi a kan hawa ba ya wahala a cikinta.

Kafin ranar, ki tabbatar takardar shaidarki ta makarantar tuƙi daga wadda hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita take, domin da ita ake neman sabon lasisi. A makon ƙarshe ki riƙa zagaya titunan da ke kusa da ofishin da za ki yi gwajin, misali Mabushi in can ne, a cikin motar da kika saba da kulochinta.