Hutun Sabuwar Shekarar Sinawa: Zama a Beijing ko Tafiya Harbin?

Idan hutun sabuwar shekarar Sinawa ya zo, kamar na 17 ga Fabrairun 2026, jami'in jakadancin da ke aiki a Beijing yana da zaɓi biyu. In ya zauna, gari ya yi tsit, ma'aikata sun koma garuruwansu, cunkoson motoci ya kau. Sai kasuwar biki a lambun Ditan, ko'ina jajayen fitilu. Illa dai ƙananan gidajen abinci da yawa a rufe suke.

Harbin kuwa, birnin da ke arewa maso gabashin ƙasar, akwai abin kallo, gine-ginen ƙanƙara masu haske da daddare. Amma tikitin jirgin ƙasa sai an yi kokawa, domin zirga-zirgar bikin kwana 40 take ɗauka, ga sanyi mai ratsa ƙashi. Ni kam Beijing zan zauna, in ci jiaozi, wato ƙullin fulawa mai nama ko ganye a ciki, a gidan maƙwabta.